Toka a Goshi

Dogon Dutsi,
farkon damina.

Zuwa ga Innata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar taki, ta bar kumburi? Yaya Kawu Is'haƙa da iyalinsa, da sauran mutanen Matankari? An ce kun samu ruwan shuka, Allah ya sa albarka. Mu nan lafiya lau. Takwararki, jikar taki, tana gaishe ki, ta ce lallai in faɗa miki haƙorinta na gaba ya fita, kuma ba ta yi kuka ba.

Tunda kunnenki ya ƙi shiri da talho, duk na kira sai maƙwabta su riga ki jin labarin, na ce bari in koma takarda. Allah ya saka wa malamar yaƙi da jahilci da ta koya miki karatu. Zan riƙa ba Garba direba takardar duk ranar da ya yi lodin Matankari, ke ma ki ba shi amsa ko layi biyu ne.

To Inna, gyara zama kada dariya ta kayar da ke. Surukinki ya zama ɗan fim! Mushe dai naki, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda in kaza ta shiga ɗaki sai ya tsaya yana ba ta haƙuri ta fita. Kuma ba liman ko alƙali aka ba shi ba, mugun aka ba shi, uban mugaye ma kuwa.

Wani saurayi ne, Kabiru, da ya koyo aikin ɗaukar hoto a Yamai, ya dawo gida da na'urorinsa ya ce zai yi fim cikin hutun bakansi. Irin littattafan zanen nan da muke karantawa muna yara yake so ya kwaikwaya, waɗanda ake zana mutane cikin akwati-akwati, magana tana fita daga bakinsu. Ya nuna mini kaɗan a talhonsa. In an naushi mutum sai hoton ya tsaya cak ya koma zane, jinin ja wur kamar an watsa galura, sama kuma rawaya. Labarin wani shugaban masu fasa-ƙwaurin mai ne a kan iyaka, ana ce masa Na-Toka saboda rabin fuskarsa a shafe take da toka. Ba ya ihu, ba ya gaggawa, a hankali yake cutar mutum yana tambayarsa lafiyar iyali. Na tambayi Kabiru a ina jandarmomi za su kama shi. Ya yi dariya ya ce ba mai kama shi, fim ɗin nasa ne tun daga farko har ƙarshe. Ni ban taɓa jin labarin da aka gina a kan mugu aka bar shi ya tafi abinsa ba, amma sun ce yanzu haka ake yi.

Tsawon Mushe Kabiru ya gani, da sanyin muryarsa. Ni kuwa na ce ba zai iya ba. Mutumin da Alhaji Maikano maƙwabcinmu ya juyo da magudanar gidansa ƙofarmu shekara da shekaru, muna tsallake ƙazanta kullum, bai taɓa ce masa kanzil ba. Mutumin da darektansu yake jibga wa ajin zana duk shekara, sababbin malamai suna samun na siminti. Har yaran lakwal Mushe Ba-Komai suke ce masa a bayan ido, don ko me aka yi masa abin da yake faɗi ke nan. Amma ya ba ni mamaki. Har shi ya ƙara musu wata dabara da ba ta cikin labarin: duk wanda Na-Toka zai illata, sai ya lakato toka daga fuskarsa da babban yatsa ya dangwala masa a goshi, ya tafi ya bar shi yana jira. Kabiru har tsalle ya yi don murna.

Ranar Asabar na bi su gindin dutse in gani da idona. Kabiru ba ya son kiɗan inji, ya ce abin da zai tayar da tsikar jiki yake nema, shi ya sa ya ɗauko wani tsoho mai goge daga wajen Ɗan Kassari, sunansa Ajuma. Tsohon ya zauna a kan dutse ya rufe ido, ya ja wani kiɗa a hankali, sai ga Mushe ya taho cikin jar riga. A wannan wurin na fim ɗin, zai sa hannun wani ɗan kasuwa a bakin ƙofar mota ne ya rufe sannu-sannu yana kallon fuskarsa. Inna, na san wasa ne, na san hannun roba ne, amma da ya ɗago kai ban gane idon mijina ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda suke aikin. Kiɗa yana tsaka da hawa sai Kabiru ya daka tsawa ya ce kupe, wato a tsaya. Tsoho ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit, a sake daga farko. Haka suka yi ta yi har la'asar, ba sau ɗaya aka bar gogen ya kai ƙarshe ba. Wata mai fura da ke zaune kusa da ni ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko waige ba ta yi ba. Ni ban san kiɗan iskoki ba, tunda Baba ya hana mu leƙa wasan borin Kaka tun ban yi wayo ba, amma tafiyar matar nan ta tsaya mini a rai. Da aka tashi Mushe ya zo yana dariya ya ce in ba shi ruwa, sai na ji kunyar tsoron da na ji.

Ga sabulu da ɗan sukari na ba Garba. Ki gaida kowa da kowa.

Taki ɗiya,
Mas'uda.

Dogon Dutsi,
tsakar damina.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya noma? An ce geron Kawu ya yi kyau bana, Allah ya kai mu kaka lafiya. Takwararki ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warke.

Na ga amsarki. Duk labarin da na zuba miki ba ki yi dariya ba, tambaya ɗaya kika yi, wai ko da aka gama aikin an bar mai gogen ya yi kiɗan sallama. Na ɗauka tsufa ne ya sa ki tsoro. Yanzu ga shi na ga ba haka ba ne. Na tambayi Kabiru, ya ce sallamar me, an gama ɗauka, tsohon ya koma gonarsa.

Tun kafin a haɗa fim ɗin, guntayensa sun bazu a talho. Duk garin nan ba wanda bai ga Na-Toka ba. In Mushe ya shiga kasuwa sai a dare masa hanya, rabi wasa rabi gaske. Mahauci da ya saba ba shi ƙashi yanzu tsoka yake zaɓar masa. Da farko yakan dawo yana ba ni labari muna dariya. Daga baya ya bar dariyar, sai dai ya faɗi sunayen waɗanda suka kauce masa, a hankali, yana kallon bango. Jar rigar ma bai mayar wa Kabiru ba, tana rataye a bayan ƙyaure.

Ranar Talata da safe yara suka ga an dangwala wa babban ragon Alhaji Maikano toka a goshi, wanda yake ɗaurewa a ƙofar gida. Kowa ya yi dariya, aka ce aikin samari ne. Bayan azahar aka tarar da ragon a kwance, an yanke masa agarar ƙafafun baya duka, yana jan jiki yana kuka. Dole aka yanka shi. Matar Alhaji ta rantse ta hango Mushe ta kan katanga yana goge reza a ganye, yana tafiya ba sauri, rana tsaka. Innalillahi! Ni Mas'uda, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Alhaji ya ɗauki hula zai tafi wurin jandarmomi, sai tsofaffin unguwa suka tare shi. Ashe maganar mai furar nan ta zaga gari, cewa an yi ta kiran mutanen ɓoye a gindin dutse ana katsewa, aka tashi ba a sallame su ba. Suka ce masa ya san ƙasar nan, wanda iska ta hau ba a kama shi da abin da hannunsa ya yi, kuma in ya kai shi ƙara ba da Mushe zai yi shari'a ba. Alhaji ya koma gida jiki a sanyaye. Kafin Juma'a ya sa an juyar da magudanar ta bayan gidansa. Har cinyar ragon ya aiko mana da ita, Inna. Na kasa dafawa, na ba da ita sadaka.

Shi kuwa Mushe ranar da abin ya faru ko a jikinsa. Ya ci tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Sai washegari, bayan mata sun yi ta shigowa suna yi mini jaje suna faɗin iska ce ta same shi, ya kira ni ɗaki ya ce shi bai san komai ba, tun daga sallar azahar sai ganin kansa ya yi a kan tabarma. Ya yi kuka da hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na ji tausayinsa har cikin raina, na ce masa ba laifinsa ba ne, za mu nemi magani.

Ki taya mu da addu'a. In kin san abin da Kaka take yi wa irin wannan, ki rubuto mini, kada ki ji nauyin hanin Baba, Allah ya jiƙansa.

Ɗiyarki mai kewarki,
Mas'uda.

Dogon Dutsi,
bayan komawa lakwal.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aikin kaka? Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ba mantuwa ba ce. Takwararki ta shiga ajin farko bana, an ɗinka mata riga, tana ta rawar kai.

Na gwada duk abin da zan iya. Malam ya ba da rubutu, ya sha. An yi masa karatu a ka, ya zauna har aka gama, ya yi wa malamin godiya. Hayaƙin da kika aiko ma na yi masa. Kin tambaya ko yana yin atishawa in abin ya sake shi, ko jikinsa yana mutuwa ya kasa cin abinci kamar yadda dawakin Kaka, masu hawan bori, suke yi. Ban taɓa gani ba. Amma mata sun ce kowace iska da halinta.

An nuna fim ɗin a gidan matasa, wuri ya cika har kan katanga. Ni ma na je. Duk sa'ad da Na-Toka ya ɗaga babban yatsa sai a kaure da tafi da shewa. Mutum yana roƙonsa a bar masa hannu, samari suna ihu wai a rufe ƙofar. A ƙarshe ya hau dutse ya tsaya, gari a ƙasansa, hoton ya koma zane, shi ke nan. Da aka fito aka ɗaga Mushe a kafaɗa. Na dube shi daga nesa, ban taɓa ganin sa cikin irin wannan jin daɗin ba, ko ranar sunan takwararki.

A makon farko na komawa aiki, darektansu ya tarar da tambarin toka a ƙofar ofishinsa. Bai jira ya ga abin da zai biyo baya ba, ranar ya ba Mushe ajin siminti mai fanka. Bayan haka sai wani yaro na babban aji, wanda aka ce shi ya fi kowa kwaikwayon tafiyar Mushe a da, ya koma gida da toka a goshi. Washegari aka kai shi wurin mai ɗori da karyayyen hannu. Uban yaron ya zo har gida, na ɗauka faɗa ya kawo, ashe gaisuwa ya zo yi, yana cewa Allah ya ba Mushe lafiya. Kowa tausayinsa yake ji, kowa kuma tsoronsa yake ji, ba wanda ya ce masa don me.

Akwai abin da ban so in faɗa miki ba, amma in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa? Shekaranjiya da hantsi na ce masa ya kamata ya je ya duba yaron. Ya dube ni ya tambaye ni lafiyarki, yaya ƙafarki, da wannan muryar ta fim. Sai ya kama wuyan hannuna ya ɗora a bakin ƙyaure, ya fara turo shi a hankali yana kallon fuskata. Ban yi ihu ba don takwararki tana tsakar gida. Da ƙarfen ya fara cin fata sai ya saki, ya shafa ido, ya ce me ya faru. Shatin yana nan har yanzu. Kada ki tashi hankalinki, kuma don Allah kada ki faɗa wa Kawu. Ba shi ba ne, Inna, ni na san mijina.

Kuma ba kullum abin yake kansa ba, wannan ne yake ba ni ƙarfin gwiwa. Ranar ruwan ƙarshe wani ajidan, babba a cikin jandarmomi, da ke zaune a layinmu ya wuce a kan babur ya fantsama masa taɓo har wuya, a gaban mutane. Na tsaya ina kallo. Sai na ji Mushe ya ce ba komai, har da ɗaga masa hannu. Wallahi sai da na yi hawayen murna, na ce ashe mutumina yana nan a ciki.

Takwararki dai ta bar rugawa ta tarye shi in ya dawo. Da ta ji motsin ƙofa sai ta laɓe a bayan randa.

Na yarda da maganarki, wanda ya kira shi zai sallama. Zan nemi tsohon nan Ajuma ko ina yake. Na faɗa wa Mushe, ya ce to, Allah ya sa a dace.

Taki,
Mas'uda.

Inna, gaisuwa da fatan kina lafiya. A gurguje nake rubutu, Garba ya tayar da mota. An kwatanta mini ƙauyen Ajuma, gaba kaɗan da Ɗan Kassari. Gobe da safe in sun tafi lakwal zan hau kabu-kabu. Na sayi turare da farin zane da goro kamar yadda kika ce. Ki yi mini addu'a ya yarda ya zo. In Allah ya so, takarda ta gaba ta murna ce.

Mas'uda.

Dogon Dutsi,
ranar Laraba.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Wadda ta miƙo miki takardar nan takwararki ce. Ki fara ba ta ruwa, ki sa ta a ɗakinki, sannan ki karanta. Kada ki tambaye ta komai.

Jiya na je. Na tarar da Ajuma a gona, a gindin gawo, ana ɗaurin gero, mata suna sussuka a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye turare da zane da goro, na zayyana masa komai tun daga rago har hannuna. Ya saurara har na gama. Sai ya turo mini kayan da ƙafar sandarsa, ya ce in ɗauke, ba shi da abin da zai yi da su.

Ya ce shi mahaukaci ne da zai kira mutanen ɓoye don wasan samari? Ya ce tun yana yaro yake bin ubansa wasa, ya san abin da ake tanada kafin a taɓa wannan kiɗan, kuma a gindin dutsen nan ba mai ƙwarya, ba turare, ba sarkin bori, ba komai sai wayoyi da yara masu ihu da Faransanci. Da Kabiru ya ce yana son abin ban tsoro, sai ya ɗauko kiɗan gayya na ubansa, wanda ake yi wa manoma, ya ja shi a hankali. Shi ke nan abin da ya yi musu tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

Na ce ban yarda ba. Ya aika aka ɗauko gogen. Ya fara jan sa sannu-sannu, wallahi shi ne, tsikar jikina ta tashi kamar ranar. Sai ya ƙara sauri, ya ƙara sauri, sai ga masu sussuka sun kwashe da dariya sun kama waƙa suna buga taɓare a kan kiɗan. Inna, na san shi. Shi ne ake yi a gonar Kawu in an tara gayya, muna yara muna kai ruwa. Da kunnenki yana ji, da tun ranar farko na sa miki a talho kin gane. Mai furar ma, in ji Ajuma, wa ya sani, wataƙila ciniki ne ba ta samu ba ta tashi.

Na roƙe shi, har da kuka, ya zo ya yi kiɗan sallamar ko da hakan ne, ko Allah zai sa a dace. Ya ƙi. Ya ce wa zai sallama alhali ba wanda ya zo? Ya ce in ya yi haka ya yi musu ba'a, kuma ranar ce za su zo da gaske. Da zan tafi ya dubi shatin hannuna ya daɗe, ya ce in ina da iyaye in je in gaishe su.

A kan babur ina dawowa abubuwa suka yi ta faɗo mini ɗaya bayan ɗaya. Ragon na wanda ya juyo mana da magudana ne. Ƙofar ta wanda ya ba shi ajin zana ce. Hannun na yaron da yake kwaikwayonsa ne. Ajidan mai bindiga kuwa ya watsa masa taɓo, aka ce masa ba komai. Tambarin tokar ma ba Kabiru ya ƙirƙiro shi ba. Kuma bai fara cewa ya manta ba sai da ya ji mata sun ce iska ce. Duk shekarun nan da yake cewa ba komai, ashe ajiyewa yake yi. Mu da bakinmu muka ce masa duk abin da ya yi ba za a tambaye shi ba, ya kuwa ji.

Na iso gida bayan la'asar. Ban faɗa miki ba, jiya da safe muna shan kunu takwararki ta tambaye shi, cikin yarinta, wai da gaske ne sunansa Mushe Ba-Komai, don ta ji manyan yara suna faɗi. Ya yi murmushi ya shafa kanta. Ni ma ban ɗauki abin da zafi ba, hankalina yana kan tafiya. Da na turo ƙofa na gan ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafu a miƙe, hannuwa a kan cinya, ba ta motsi. A tsakiyar goshinta ga toka, shatin babban yatsa. Ta ga fim ɗin a talhon maƙwabta, ta san ma'anarsa. Ba ta yi kuka ba, idonta kawai ta ɗago ta dube ni.

Shi yana kan kujera, ya yi wanka ya sa farar riga, yana gyaran farce da reza. Ya yi mini sannu da hanya, ya tambaya ko na samu tsohon, yaushe za a yi wasan. Allah ya ba ni ƙarfin hali na ce Juma'a mai zuwa. Ya girgiza kai cikin tausayin kansa, ya ce Juma'a da nisa, shi bai san abin da hannunsa zai yi kafin nan ba. Yana faɗi yana kallona, Inna, idonsa garau. Ba kowa a cikin idon nan sai shi.

Na kwana da ita a jikina. Yau na ce masa ba ta jin daɗi ba za ta je lakwal ba. Da ya fita na wanke mata goshi da sabulu, amma har yanzu tana kai hannu wurin, ki bar ta, kada ki hana ta. Matar Garba za ta riƙe ta a mota har ƙofarki. Ni ba zan biyo su ba yau. Yana dawowa cin abincin rana, in ya tarar ba kowa zai hau babur, kuma kin san Matankari ba nisa, zai cim musu a hanya. Zan zauna in zuba masa abinci, in ce ta ji sauƙi, tana gidan biki a bayan kasuwa da ƴaƴan maƙwabta, a can za su kwana. In na riƙe shi har gobe ya tafi aiki, shi ke nan.

Yanzu ki faɗa wa Kawu Is'haƙa komai, har maganar ƙyaure. Ki ba shi takardun nan duka a karanta masa. Ya taho da sassafe, kada ya zo shi kaɗai, kuma kada ya tsaya sauraron tsofaffin unguwa.

Wallahi Inna, da ma iska ce. Da na sayar da duk abin da na mallaka an yi masa wasa, na zauna ina jiran atishawarsa, na karɓi mijina. Har yanzu in na tuna mutumin da yake ba kaza haƙuri sai zuciyata ta karye, ban san ko ya taɓa kasancewa ba.

In Allah ya kai mu, gobe war haka ina gabanki. In kuwa Kawu ya zo ya tarar da wani abu daban, za su taru su ce miki ba laifinsa ba ne, mutanen ɓoye ne, a yi haƙuri. Kada ki yarda. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunansa a gabanki ba, don kunya da tarbiyyar da kika ba ni. Yau zan rubuta shi da hannuna, don ki faɗa wa duk wanda ya tambaya wa ya yi. Zakariya ne.

Ki yafe mini, ki riƙe mini takwararki.

Ɗiyarki,
Mas'uda.